Otal Mai Bango Uku

A layin shagunan da ke bayan tasha babu wanda bai san Darakta ba, domin shi da kansa ba ya bari a manta da shi. Katifa yake sayarwa. Shagonsa ɗan tsukuku ne, katifu a jingine da bango cikin ledarsu, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa kan kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba masu wucewa shawarar da ba su nema ba. Sunan Darakta ma ba wani ne ya raɗa masa ba. Shi ya je wurin mai buga kati ya sa aka rubuta masa, ya yi ta rabawa har sunan ya bi shi. Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓa, wato surukinsa, mahaifin matarsa, wanda har gobe "Mai Katifa" yake ce masa.

Wannan tsoho shi ne mai shagon da ke manne da na Darakta, babban shago mai ƙofa biyu da faffaɗar tagar gilashi. Tun da ciwon baya ya hana shi fitowa kasuwa shagon yake a rufe, makullin kuwa yana ɗaure da igiya a aljihun rigarsa. Mutum biyu ke hararar wannan aljihu: Darakta, mijin babbar 'yarsa, da Mai Kemis, mijin ƙaramar. Tsohon ya ce ɗayansu zai ba, amma sai ya ga wanda ya fi sanin duniya da iya riƙe al'amari. Daga ranar Darakta ya fara auna shagon da ido, har ya san inda zai kafa teburin ofis.

Ana nan sai likita ya ce ciwon bayan ya fi ƙarfinsa, a kai tsohon babban birni wurin ƙwararre. Za a ga likitan da safe, don haka dole a kwana a can. Mai Kemis ya yi wuf ya ce shi zai kai su a motarsa. Darakta ya ga an riga shi, sai ya miƙe tsaye.

"Masauki kuwa nawa ne," in ji shi. "Baba, otal ɗin da ya fi kowane otal a birnin nan, a ciki za ka kwana. Idan ba a yi haka ba, kada a sake ce mini Darakta."

"Ni dai ban taɓa ce maka ba," in ji tsohon.

Kafin yamma labari ya zagaye layin. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, tela ya leƙo ta taga da zare a baki.

"Darakta, na ji an ce kai za ka zaɓi otal," in ji mai aski. "Ka san su kuwa?"

"Ni? Akwai otal ɗin da ban sani ba a birnin nan? Manajojinsu har tashi suke yi in na shigo."

"Ba kai ne ka je sarin soso bara ka kwana a tasha kan buhu ba?"

"Wannan binciken kasuwa ne, ba za ka gane ba. Kai dai tsaya a kan ƙeyar mutane." Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa. "Bari in koya muku abu ɗaya. Mutane suna shiga otal su saki baki suna kallon fitilu da marmara. Jahilci ne. Otal katifa ne, sauran duk ado ne. Ni kuwa da zarar na ɗora gwiwa a kan katifa, zan gaya maka shekarunta, da nauyin wanda ya kwana a kanta jiya. Ku dubi wadda Baba yake kwana a kai. Ni na ba shi kyauta, lamba ɗaya ce, shekara da shekaru ko lotsawa ba ta yi ba."

"Ai dakalin ƙofar shagona ma bai lotsa ba," in ji tela.

A gida matarsa ta ce, "Maigida, da ka bari an buga waya an kama ɗaki tun yanzu. Ka san Baba ba ya iya dogon zama."

"A waya ake jin laushin katifa? Ke dai shirya jaka."

Washegari suka kama hanya. Mai Kemis na tuƙi, Darakta na gefensa cikin rigar da ya fi ji da ita, yana nuna masa hanyar da shi ma bai sani ba. A baya tsohon ya kishingiɗa kan filo, 'yarsa na tallafe da shi, duk ramin da mota ta faɗa sai ya yi nishi. Rana ta take tsaka suka shiga birnin.

Otal na farko dogo ne har sai mutum ya dafe hularsa kafin ya ga ƙarshensa. Darakta ya ce su jira a mota. Ya tunkari ƙofar gilashi mai juyawa, ya shiga da ƙarfinsa, ƙofar ta juya da shi ta dawo da shi waje, fuska da fuska da motar.

"Har ka gama?" in ji Mai Kemis ta taga.

"Ƙofar nake gwadawa. Ba laifi, tana aiki."

A karo na biyu ya samu ya faɗa ciki. Ya ajiye katinsa a teburin karɓar baƙi, ya ce a nuna masa ɗakin da ya fi kowane. Wani ma'aikaci mai jar riga ya kai shi sama, ya fara nuna masa taga da yadda ake hango birni. Darakta ko kallon tagar bai yi ba. Ya yaye bargo, ya fizge zanen gado, ya watsar da filo, ya hau katifar da gwiwa. Ya kai mata naushi. Ya kara kunne. Ya sunkuya ya shinshina gefenta. Ma'aikacin dai yana murmushin da aka koya masa, har sai da ya ga baƙon ya zaro reza daga aljihu ya fara farke ɗinkin kusurwa.

"Ranka ya daɗe! Me kake yi?"

"Soso zan gani. Ana sayen abu a rufe?"

"Ba sayarwa muke yi ba!"

"To ai shi ya sa kuke ɓoyewa."

Masu gadi biyu ne suka sauko da shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙafafunsa na taɓa ƙasa jefi-jefi. Wannan karon ƙofar mai juyawa ba ta ba shi wahala ba. Ya karkaɗe riga, ya shiga mota.

"Sosonsu ya mutu," in ji shi. "Na gaya musu gaskiya suka ji haushi. Ka ga har rakiya suka yi mini suna roƙona. Mu je gaba."

A otal na biyu wata mata mai tabarau ta ce ba a ganin ɗaki sai an kama. Darakta ya yi mata bayanin ko shi wane ne, ta saurara har ya gama, ta maimaita abin da ta faɗa. Sai ya yi kamar zai fita, ya sulale ya bi matakala. A hawa na biyu ya tarar da keken tawul a tsaye, da wata ƙofa a buɗe kaɗan, mai shara ta shiga wani ɗakin. Ya leƙa. Labule a sake, ɗaki da duhu-duhu, sanyi kamar cikin firij. Ya cire takalmi ɗaya don kada ya ɓata bargo, ya ɗora gwiwa a tsakiyar gadon da dukan nauyinsa.

"Ka ji irinta," ya ce wa kansa. "Ta yi tudu a tsakiya."

Tudun ya yi ƙara. Sa'an nan ya tashi zaune. Wani ƙaton mutum ne mai gashin ƙirji, wanda ya kwana yana tafiya, barcinsa bai daɗe da yin daɗi ba. Darakta ya so ya ba shi kati, amma mutumin bai nuna sha'awa ba. Yadda ya sauko daga benen nan, ko yaran da ke tsere ba su kai shi ba. Ya faɗo cikin mota yana haki, takalmi a ƙafa ɗaya.

"Ja mota! Ja mota!"

"Ina takalminka?" in ji matarsa.

"Na bar musu shaida. Gadajensu cike suke da mutane."

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Mai Katifa, bayana bai zo yawon buɗe ido ba. In ka kasa, ka faɗa, mijin ƙanwar matarka ya nema mana."

Mai Kemis ya gyara madubi yana murmushi. Wannan murmushin ya fi wa Darakta naushin ƙaton zafi. Ya hango makullin nan yana fita daga aljihun tsoho yana shiga aljihun da ke warin magani. Ya fara raba ido a titi kamar wanda ya yar da abu.

Sai ga shi. Wani gini ne na gilashi a babban titi, da mai gadi cikin kaki a ƙofa, da jan kafet har bakin hanya. A samansa akwai ƙaton allo shuɗi mai hoton gado da jinjirin wata, taurari kuwa birjik, ko'ina a jikin allon.

"Tsaya!" in ji Darakta. "Kun san da taurari ake auna otal. Waɗanda muka baro biyar-biyar gare su. Wannan fa? Ƙirga mini, in ka iya."

Mai Kemis ya ɗaga kai ya karanta abin da aka rubuta a ƙasan taurarin. Ba otal ba ne. Kanti ne na sayar da gadaje da katifu da kayan ɗaki, irin wanda ake shirya ɗaki sukutum don mai saye ya ga yadda kaya za su zauna a gidansa. Mai Kemis ya buɗe baki, ya tuna da shago mai ƙofa biyu, ya mayar da bakinsa ya rufe.

"Lallai Yaya ka san gari," in ji shi.

Darakta bai taɓa ganin inda ake sayar da katifa ba leda ba, a kwance, an lulluɓe ta da bargo. A saninsa katifar sayarwa a tsaye take, jingine da bango. Don haka da ya shiga ya ga gadaje a shimfiɗe, fitilu na ci, ƙamshi na tashi, bai yi shakkar komai ba. Wata budurwa mai rigar aiki ta tarye shi da fara'a. Ya miƙa mata kati. Ta karanta, ta ga Darakta, ta ga kamfanin katifa, ta ɗauka babban dila ne ya zo sari, ta ƙara faɗaɗa murmushi. Ta ga ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ɗauka halin masu arziki ne.

"Ina son wanda ya fi kowane," in ji Darakta. "Kuma tun yanzu in gaya miki, sai na gwada katifar."

"Ai dole ne, ranka ya daɗe. Hau ka gwada. Ka kwanta ma in kana so."

Darakta ya tsaya cak. Tun tsakar rana ake korarsa saboda wannan, ga inda ake roƙonsa ya yi. Ta kai shi wani ɗaki a can gaba, mai ƙaton gado da kafet mai laushi, gefe ɗaya dogon labule ne daga sama har ƙasa. Ya ɗora gwiwa. Katifar ta karɓe shi, ta lotsa daidai, ta dawo. Ya kai naushi. Ya shinshina. Ya kai hannu aljihu, sai budurwar ta ja wani zif a gefe ta nuna masa cikin katifar da kanta. Saura kaɗan hawaye ya zubo masa.

"Wannan shi ne wuri," in ji shi. "Na ɗauka."

"Madalla. Guda nawa za a..."

"Ɗaya ya isa yanzu. Na tsoho ne."

"To, wane adireshi za mu..."

"Yarinya, ni ba na magana da ƙananan ma'aikata a kan irin wannan. Kira mini manaja."

"Ya fita cin abinci, amma in ka..."

"Je ki nemo shi. Ki ce Darakta ne. Kuma kada kowa ya dame mu."

Ta tafi da sauri, tana lissafin ladan da za ta samu. Shi kuma ya fita ya yafito iyalinsa. Mai gadi ya ga ana shigowa da jakunkuna da filo da tsoho a tallafe, ya yi niyyar magana, Darakta ya danƙa masa kati, ya ce ya riƙa lura da motar.

Tsohon bai tambayi komai ba. Ya zauna a bakin gadon, ya cire babbar riga da hula, ya rage daga shi sai singileti da wando, ya miƙe. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Kafin 'yarsa ta gama cire masa safa har ya fara minshari.

"Kun gani?" in ji Darakta da raɗa mai ƙarfi. "Aikin sani ke nan."

Matarsa ta waiwaya tana neman abin da za ta rufe. "Maigida, ina ƙofar ɗakin? Bango uku nake gani."

"Sabon yayi ne. Ƙofa ta masu tsoron ɓarayi ce. Nan wa zai yi sata?"

"Ga wasu mutane can suna kallonmu."

"Maƙwabta ne. Ɗaga musu hannu."

Ta gaji ƙwarai, mahaifinta kuma ya samu barci, don haka ba ta ja zancen ba. Ta buɗe jaka ta jera kaya a kabad, ta shanya safar tsohon a kan fitilar gefen gado. A jikin fitilar ta ga wata 'yar takarda na lilo.

"Wannan fa? Kamar farashi."

"Don in kin fasa ki san abin da kika jawo mini. Manyan wurare ba sa ɓoye-ɓoye."

Mai Kemis ya zauna a kujera ya harɗe ƙafa, yana jin daɗin ransa. "Yaya, kunna mana talabijin mana."

Darakta ya ɗauki rimot ya danna. Shiru. Ya bubbuga shi a tafin hannu ya sake dannawa. Ya je ya ɗan daki talabijin ɗin a gefe, sai ta tashi sama kamar faifai ta faɗo ƙasa ba ƙara. Kwali ne aka yi wa fenti. Ya ɗauke ta da yatsa biyu ya mayar.

"Ka ga fasaha? Ko nauyi babu. Ba irin akwatin da ke gidanka ba."

"Ikon Allah," in ji Mai Kemis. "Ga tuffa can a kwano, Yaya. Kai da ka sha wahala, ɗan taɓa."

Darakta ya ɗauki mafi ja ya gartsa mata haƙori. Haƙorin ya dawo da amsa har cikin ƙwaƙwalwarsa. Ya juya tuffar, ya ga inda aka haɗa robar.

"Ba ta nuna ba," in ji shi, ya ajiye ta ta gefen da haƙori bai taɓa ba. "Bari in watsa ruwa kafin manaja ya zo. Bai kamata ya same ni da ƙura ba."

A gefen ɗakin, ta wajen labulen, akwai wurin wanka mai farin baho da famfuna masu ruwan zinariya, an kare shi da wani ɗan allo. Darakta ya tuɓe riga, ya ɗaura tawul a kan gajeren wando, ya shiga bahon. A al'adarsa sabulu yake fara shafawa kafin ruwa, don ya yi tattali. Ya zazzage sabulun ruwan da matarsa ta zo da shi, ya mulke kai da fuska da hammata, har kumfa ta rufe masa ido. Sa'an nan ya lalubi famfo ya murɗa. Babu ko ɗigo. Ya murɗa ɗayan. Ya murɗa da ƙarfi, sai kan famfon ya biyo hannunsa.

"Ke! An ɗauke ruwa! Kawo mini na gora!"

"Baba ya shanye a mota."

Ido ya fara yaji. Darakta ya miƙe a cikin baho yana lalube, ya ture allon da ke kare shi, allon ya kife.

To, wannan dogon labule ba na ado ba ne. Bayansa gilashin kantin ne da ke kallon babban titi. Da rana ake sake shi don kada zafi ya ci launin kaya, idan rana ta juya kuma wani ma'aikaci ya danna maɓalli daga can ciki. Ranar ma ya danna, kamar kullum, ba tare da ya leƙo ba.

Labule ya dare gida biyu a hankali, kamar za a fara wasa. Lokacin tashi daga aiki ne, titi cike. Mutum na farko ya tsaya, na biyu ya yi karo da shi. Abin da suka gani shi ne: tsoho cikin singileti ya baje a ƙaton gado, baki buɗe, safa a kan fitila, wata mata a durƙushe tana ninke zannuwa, wani a kujera yana rufe fuska da filo, kafaɗunsa na rawa, a gefe kuma mutum tsaye cikin baho, fari fat da kumfa, tawul a ƙugu, kan famfo a hannu, yana juyi kamar mai neman wanda zai ba kyauta.

Nan da nan aka cika gaban gilashin. Wayoyi suka tashi sama. Masu babur suka faka, wata bas ta rage gudu har fasinjoji suka koma gefe ɗaya. Wata mata ta ce wa ƙawarta gumaka ne masu motsi, ƙawar ta ce tsohon dai gunki ne, amma na bahon mutum ne, gunki ba ya yin tumbi haka. Wasu suka shigo ciki don su gani da kyau.

Darakta ya samu ya share ido ɗaya da gefen tawul. Ya ga jama'a. Ya ga wayoyi. Amma bakinsa, wanda bai taɓa jiran umarnin kansa ba, ya riga ya fara aiki.

"Kada ku damu," ya ce wa matarsa. "An gane ni ne."

Ya ɗaga musu hannu, da kan famfon. Titi ya ɗauki tafi.

A haka manaja ya iso, budurwar na bayansa ta dafe kai da hannu biyu. Mutum ne siriri mai taye a wuya, da alama bai gama cin abincinsa ba.

"Wane ne Darakta a nan?"

"Ga ni," in ji kumfa. "Manaja, ina da ƙorafi. Babu ruwa, babu ƙofa, tuffarku ba ta nuna ba. In ba don katifar ba, da tuni na bar otal ɗin nan."

"Wane otal?"

"Wannan mana."

"Malam, nan kanti ne. Gado muke sayarwa."

Waɗanda suka shigo suka kwashe da dariya, suka juya suna isar da labari ga na waje, dariyar ta bi titi kamar an kunna mata wuta. Matar Darakta ta ja gyale ta rufe fuska. Mai Kemis ya sauke filo, ya yi fuskar jimami.

"Ni ma na so in faɗa, Yaya, sai na ga kai ne masani."

Hayaniyar ce ta tashi tsohon. Ya buɗe ido, ya yi miƙa har ƙasusuwansa suka yi ƙara. Ya sauko da ƙafafu, ya tashi tsaye ba tare da ya kama kowa ba. Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa a ƙasa. Sai ya tsaya a sunkuye, ya ɗago, ya sake sunkuyawa, ya sake ɗagowa.

"Baba!" in ji 'yarsa. "Ka sunkuya!"

"Na gani." Ya dubi jama'ar da ke bayan gilashi, ya dubi surukinsa a baho, bai nuna mamaki ba, kamar dama abin da yake tsammani ke nan. Ya juya ga manaja. "Yaro, me kuka sa a cikin wannan abin?"

Manaja ya zo da niyyar kiran 'yan sanda, amma ya ga kantinsa cike da mutane fiye da yadda ya taɓa gani, wasu har sun fara danna katifu. Ya gyara taye.

"Katifa ce kawai mai kyau, Baba. A gida a kan me kake kwana?"

"A kan wata lamba ɗaya. Shekara da shekaru ko lotsawa ba ta yi ba."

"Tun yaushe bayan yake ciwo?"

Tsohon ya ƙirga shekarun da yatsu. Sa'an nan ya juya a hankali, shi da 'yarsa da Mai Kemis da manaja da duk wanda ke cikin kantin, suka zuba wa baho ido.

"Baba," in ji Darakta, kumfa na ɗiga daga haɓarsa, "ita irin wannan katifar sai a hankali jiki yake sabawa da..."

"Mai Katifa."

"Na'am, Baba."

"Sauko daga kwanon mutane."

Mai Kemis ya matso kusa da aljihun rigar da ke rataye, yana murmushi. "Baba, ai ni tun a waje na karanta allon, na san ba otal ba ne."

"Ka sani?"

"Sarai."

"Ka bar ni na tuɓe a gaban birni guda?"

Murmushin ya bushe a inda yake. Tsohon ya sa rigarsa, ya laluba aljihu, ya kwance igiyar, ya fito da makullin. Surukan biyu suka bi shi da ido, ɗaya ta cikin kumfa.

"Manaja," in ji tsohon, "kuna da reshe a garinmu?"

"Muna dai neman wuri, Baba."

"Ina da shago. Ƙofa biyu, da tagar gilashi kamar wannan. Zauna mu yi magana."

A wani ƙaramin masauki kusa da asibiti suka kwana, wanda matar Darakta ta samo da waya ɗaya. Da safe ƙwararren likita ya duba bayan tsohon, ya murza nan, ya danna can, ya rubuta 'yan ƙwayoyi, ya ce abu mafi muhimmanci shi ne a canza katifa. Darakta yana kallon silin lokacin da aka faɗa.

Kafin su iso gida hoton ya riga su. Mai aski ya kalla har wayarsa ta mutu, ya je wurin tela ya ci gaba. Bayan 'yan makonni aka kafa shuɗin allo mai taurari a saman shago mai ƙofa biyu, aka shimfiɗa ƙaton gado a bayan gilashi. Cikin sharuɗɗan haya akwai guda da tsohon ya dage a kai: kullum bayan azahar gadon tagar nasa ne. Yakan zo da ƙafarsa, ba sanda, ya cire hula ya miƙe, mutane su taru suna kallo, su shiga su saya.

Darakta na nan a kan kujerar robarsa, katifunsa a tsaye cikin leda.

"Darakta," in ji mai aski, "yau ba za a yi wanka ba? Ga jama'a sun taru."

"Ku yi ta dariya. Wa ya kawo kamfanin nan garin nan? Wa ya gano su? Wa ya warkar da Baba? Likitoci sun yi shekaru sun kasa, ni wuni ɗaya na yi."

"Wa kuma ya sa masa ciwon?" in ji tela ta taga.

Darakta bai samu damar amsawa ba, domin wani mai babur ya tsaya daidai ƙofarsa, ya sauko, ya yi sallama da ladabi. Darakta ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe ledar katifar gaba, hannu ya riga ya kai aljihun kati.

"Sannu da zuwa! Wace iri kake so? Akwai lamba ɗaya."

"A'a, ranka ya daɗe. Don Allah ka ɗan duba mini babur ɗin nan, zan shiga nan kusa in sayi katifa."

Darakta ya bi shi da kallo har ya shige ƙarƙashin taurari. Ya koma ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya juya ga mai aski.

"Ka gani ko? Duk mai shiga wurinsu sai ya fara neman izinina."